Goyon Ƙirji da Kunyar Ɗan Fari

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Gadarif ina amarya, kasuwa ma sai in yi wata uku ban taka ta ba. Ina tsakar gida, ga murhu ga jabana, 'yar butar dafa gahawa, duk labarin unguwa yana iske ni a zaune, don katangarmu gajera ce, kunnena kuma bai tsufa ba. Abu ɗaya ne yake fitar da ni ba sai an roƙe ni ba, shi ne haihuwa. Ba ungozoma ba ce ni, wankan jarirai na iya. Ruwa mai zafi, soso mai laushi, gashin cibi da tsumma, kwalli a ido, man riɗi a jiki, sannan a turara kayan yaro da bahur a naɗe shi. Haka na koya wurin uwar mijina, ita ma wurin tata ta koya, har can zuwa kan kakannin da suka taso daga yamma da niyyar Makka, suka tsaya nan suka kama noman dawa. Rabin samarin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu yanzu suna ɗaga kafaɗa, ni na fara wanke musu baya.

Shi ya sa abin da ya faru da jikana ya tsaya mini a rai. Duk iyawar nan tawa ba ta yi masa amfanin komai ba, kuma saura kaɗan in cuce shi ina zaune ina jin daɗi.

Ɗana na fari tarakta yake tuƙawa a wani mashru can wajen Doka, irin manyan gonakin nan da ba a hango ƙarshensu. In damina ta sauka sai mu yi wata ba mu sa shi a ido ba. Matarsa 'yar Hawata ce, siririyar yarinya mai sanyin murya, wadda ko shayi za ta miƙo mini sai ta durƙusa, idonta a ƙasa. Cikinta na fari ne. Mun riga mun shirya in ya shiga wata takwas za a kai ta gida ta haihu gaban uwarta, kamar yadda ake yi. Allah bai nufa ba. Wata safiya, cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki, tana shara, sai na ji tsintsiyar ta tsaya. Ba ta yi ƙara ba, tsayawar tsintsiyar kawai na ji. Na ce ke lafiya, ba ta amsa ba. Na fito na same ta dafe da bango, zanenta ya jiƙe.

An kwana biyu ana ruwa, kuma wanda ya san baƙar lakar garin nan ya san yadda take kama takalmi ta ƙi saki. Maƙwabcinmu mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, shi ya kai mu mustashfa, wato asibiti, sau biyu muna kafewa a hanya. Kafin la'asar ta haihu, namiji. Hanyar Hawata ta yanke, uwarta ba ta da halin zuwa sai ƙasa ta bushe, ɗana ma haka. Jego ya faɗo kaina, ni uwar miji.

Na ga jarirai, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. An ce bai kai kilo biyu ba, ni kuwa da na gan shi na ce ko ɗayan da ƙyar. Fatarsa ja ce, jijiyoyi suna nunawa ta ciki. Kunnensa in an lanƙwasa sai ya zauna a lanƙwashe. Tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba, kukansa kuma kamar na ɗan kyanwa da aka rufe a wani ɗaki.

Shekarar ce gari ya cika da mutanen da yaƙi ya koro, mustashfa ma ya cika har baranda. Akwatunan gilashin nan masu ɗumi da suke kira hadana duk da jarirai a ciki, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Namu da ƙyar ya samu ɗaya, kwana biyu ya yi a ciki, sannan sistar da ke kula da ɗakin ta kira mu. Doguwar mace ce, ta manyanta, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, Larabci take yi da sauri kamar ana korar ta. Ta ce yaron yana numfashi da kansa, alhamdu lillahi, kuma akwai wanda ya fi shi buƙatar akwatin. Ta ce abu biyu take tsoro ga irin waɗannan, sanyi da cutar da hannu yake kawowa. Jikinsa bai iya yin ɗumin kansa ba tukuna, sai dai ya ara. Don haka za a ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, daga shi sai ƙyallen gindi da hula, kansa a juye gefe tsakanin nonuwanta, a zagaye su da zane. Haka zai wuni, haka zai kwana, ba a sauke shi sai dole.

Na ce mata goyo dai a baya ake yin sa, mu da goyo aka san mu a ƙasar nan. Ta ce baya yana nan yana jiran sa, yanzu gaba yake so, inda zai ji bugun zuciyar da ya saba ji.

Aka mayar da su wani ɗaki mai gado takwas, kowace mace da nata ɗan bakwaini a manne. A ƙofar ɗakin akwai randar roba mai famfo, da sabulu a ɗaure da zare. Ranar farko na zo da jakata ta aiki, zan wuce, sista ta tare ni da hannu. Ta buɗe jakar ta duba. Kwalli, ta ce a'a. Tsumman gashin cibi, ta ce cibin nan ko ruwa ba a sa masa, a bar shi ya bushe da kansa. Bahur kuwa sai da ta yi dariya, ta ce huhun da bai gama nuna ba za a ba hayaƙi? Wanka ma ta ce babu shi yanzu. Ta sa na cire awarwaro da zobe, ta ba ni abin yankan farce, sannan ta tsaya a kaina ina wanke hannu har gwiwar hannu, tsakanin yatsu, bayan hannu, ƙarƙashin farce, kamar yarinyar da ake koya wa cin tuwo. Raina ya ɓaci. Na ce mata sau biyar nake alwala a rana.

Ta ce, "Allah ya karɓa, ya haboba. Alwala ta Allah ce. Sabulun nan na yaron ne."

Haboba dai kaka ke nan a bakinsu, kuma tun daga ranar sunana ke nan a ɗakin.

Mai jinya ɗaya aka yarda wa kowace mai jego, ta zo da hantsi ta tafi kafin magariba. Kullum sai in dama kunun kanwa, in haɗa da madidar hilba, kunun hulba irin na maƙwabtanmu Larabawa, don nono ya zo, in sa a kwano biyu in tafi. In wanke hannu, in shiga. Kuma kullum abu ɗaya nake iskewa. Sauran mata na kishingiɗe da 'ya'yansu a ƙirji, tamu kuwa tana zaune a bakin gado ta juya wa ɗan baya, tana kallon taga, shi kuma yana kwance a naɗe cikin bargo. Ta gaishe ni, ta karɓi kwano, ko waiwayar sa ba ta yi.

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina an yi wa yarinyar nan tarbiyya. Yaran yanzu da yawa sun watsar da kunyar ɗan fari, sai ka ga yarinya ta rungume ɗanta gaban surukai tana yi masa wasa, tana kiran sunansa gatsal. Tamu ba haka take ba. Ni ma da na haifi ubansa haka na yi. Nono sai uwar mijina ta yi mini tsawa nake ba shi, kuma fuskata a rufe. Sunansa ban taɓa faɗa ba. Yana ƙarami ina ce masa wannan yaron, da ya girma na koma ce masa direba. Da na koma gida da yamma har na leƙa ta katanga na yi wa ƙawata alfahari, tsohuwar maƙwabciyata da muka tsufa tare muna tsokanar juna. Na ce ta zo ta ga 'yar mutunci, ba irin surukarta mai waya a kunne ba. Ta ce in bari dai a yi arba'in tukuna kafin in fara yabo.

Game da ɗumi kuwa ban damu ba. Na ɗauka ɗaurin da ake yi kafin in zo da bayan na tafi ya isa. Kuma a hankalina bargo uku sun fi ƙirjin yarinyar da ƙashin haƙarƙarinta ma ana gani. Har nawa bargon na kawo, aka wanke aka shanya a rana, na ƙara masa. Nonon da take tatsa a ɗan kofi, ni nake ɗiga masa a baki, tunda ba za ta ba shi a gabana ba. In gama in zauna in yi ta hira da matan ɗakin har la'asar ta yi sanyi. Sista ba ta cika shigowa a lokacin ba, tana can wurin na cikin akwatuna, in ta leƙo ta gan shi a gado sai yarinyar ta ce yanzu ta sauke shi.

Rana ta huɗu da yamma sista ta zo ta sa masa ɗan tsinken awon zafi a hamata. Ta cire ta duba, ta sake mayarwa. Ta ɗora shi a sikeli, na ga bakinta ya tsuke. Ranar ko kofin bai karɓa da kyau ba, nonon yana gangarowa ta gefen baki. Na sa hannu cikin bargon na taɓa ƙafarsa, sai na ji ta kamar gindin tulu da safe. Sista ta juya kan yarinyar ta yi ta faɗa. Kowa ya ɗaura nasa sai ke, ba kya son sa ne, ko wani abu ke damun ki da ba ki faɗa ba? Ta ce in ya ci gaba da yin sanyi haka jikinsa ba zai iya da kowace irin cuta ba, kuma babu akwati ko ɗaya da ba kowa. Yarinyar kuwa hawaye kawai ke sauka a kan zanenta.

Na shiga tsakani, na ce laifin tagar nan ne da iskar ruwa, kuma ga shi bargo uku na sa masa. Sista ta ce bargo ba ya yin ɗumi, riƙe ɗumi yake yi, in jikin babu me zai riƙe? Ta ɗaure mata shi da kanta tana mita, tana cewa abin da ya ɗaure mata kai shi ne da sassafe tana samun yaron da ɗuminsa, ya sha nono, sai yamma ta yi ya koma kamar ba shi ba. Na ji wannan magana da kunnena, amma ba ta shiga kaina ba. Na tafi gida ina zargin taga.

Washegari hadari ya haɗo tun da safe, na fito da wuri don kada ya tare ni. Dab da ƙofar mustashfa laka ta riƙe mini takalmi ɗaya sai da na zaro shi da hannu, ɗayan kuma ya tsinke. Takalman nan kowa ya san su, fat, fat, tun daga farkon baranda ake jin zuwana, matan ɗakin har tsokanata suke yi da su. Ranar kuwa a hannu na riƙo su, na iso bakin randar ƙafa ba takalmi, ba wanda ya ji ni. Na wanke ƙafa, na kama wankin hannun nan mai tsawo. Ina cikin cuɗa tsakanin yatsu sai na ji Hausa tana fitowa daga ɗakin. Duk ɗakin mu kaɗai ne masu Hausa.

Ban gane muryar da farko ba, don ban taɓa jin ta haka ba. A sake take, har da 'yar dariya a ciki. Surukata ce, tana ba yaron labarin kogin garinsu, wai in ya girma za ta kai shi ya ga kifi, wai babansa yana da mota mai manyan ƙafafu da laka ba ta iya mata. Ta ce masa ɗan mitsitsi, ta ce masa sarkin barci. Na tsaya da sabulu a hannu ina murmushi. Sai muryar ta yi ƙasa.

"Ka sha ɗumi da yawa yanzu, ka ɓoye wani. Kakarka tana hanya."

A daidai lokacin wata mai jinya ta fito ta gan ni, ta ɗaga murya ta ce haboba ta zo. Na ji motsin gado. Na ji ƙarar zane ana kwance shi da sauri. Sannan na ji ɗan kukan nan na kyanwa, sau biyu, ya yi shiru.

Ban shiga ba. Na koma kan bencin baranda na zauna, hannuna na ɗigar ruwa. Ashe ba taga ba ce. Daga hantsi zuwa yamma, tsawon zamana, yaron nan yana kwance yana hucewa, ni kuwa ina gefensa ina hira ina yaba tarbiyya. Yarinyar ta san abin da sista ta ce, ta ji tsoron ya kama ta, amma ba za ta iya rungume ɗan fari a gaban uwar mijinta ba, kuma ba za ta iya ce mini in tafi ba. Faɗan jiya ma ta shanye shi ne don kada ta ambace ni.

Abin da ya fara zo mini shi ne in koma gida in zauna, in riƙa aiko da kunu. Ni da zaman gida ai ba a roƙo na. To amma wa zai riƙe shi in za ta kewaya, ko in bayanta ya gaji? Kuma in an sallame su gidana za su dawo, inda tsofaffi za su cika ɗaki kullum, ta sauke shi sau goma a rana. Guduna ba zai gyara komai ba. Magana kuma irin wannan ba a saba yin ta tsakanin suruka da suruka ba, ban ma san ta inda ake fara ta ba.

Na sake wanke hannu, tunda na dafa benci. Na nemo sista na ce a ɗaura mini shi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko ina tari, ko akwai ƙurji a jikina, ta duba farcena. Ta ce kaka ma tana iyawa, uba ma yana iyawa, ɗumin mutum ɗumin mutum ne. Ta ba ni ƙyalle mai tsabta na goge ƙirji. Labulen da ke wurin rabin mutum yake rufewa. Ni da ko gaban 'ya'yana mata ban taɓa cire riga ba, na ajiye tob ɗin da na lulluɓa da shi, na tuɓe riga a ɗaki mai gado takwas. Wata 'yar Hartum da ke gadon kusa ta ce mabruk, wato barka, haboba ta haihu. Na ce mata wannan mijina ne, ya daɗe bai zo ba, riƙe shi nake kada ɗayarku ta ƙwace. Ɗakin ya ɗauki dariya, ban da yarinyar, wadda ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka manna mini shi sai da tsigar jikina ta tashi. Sanyi gare shi kamar cokalin da ya kwana a ruwa, kuma ba shi da nauyin komai. Na kishingiɗa. Can sai na fara jin numfashinsa a fatata, ɗan guntu-guntu, da 'yan yatsunsa suna motsi kamar yana neman abin kamawa. A hankali wurin ya yi ɗumi, har na kasa gane inda nawa jikin ya ƙare nasa ya fara. Jarirai nawa na wanke, ban taɓa riƙe ko ɗaya haka ba, har da wanda na haifa.

Da Hausa na yi wa surukata magana, ba wanda zai ji. Ban dube ta ba, rufin ɗaki na kalla. Na ba ta labarin shekarar da mijinta ya yi baƙon dauro yana ɗan shekara biyu. Uwar mijina ce ta riƙe shi a ɗaki, ni kuwa ina waje a bakin murhu, ina jin yana kira na, ina jan itace kamar ban ji ba, don akwai mutane a gidan. Ya warke, kowa ya yaba mini. Na ce mata har yau in gida ya yi shiru ina jin kiran nan. Sai na faɗi sunansa. Sunan ɗana, da bakina, karo na farko cikin shekara talatin da wani abu. Ya fito mini wani iri, kamar kalmar wani yare. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na ce, "Kunyar nan na ɗauke miki ita. Ki karɓi ɗanki ki riƙe shi a gabana, da gaban kowa. Wanda ya yi magana, ki ce ni na sa ki."

Ta ce, "Inna, mutane fa."

Na ce, "Mutane ba su taɓa ƙafarsa jiya ba. Ni na taɓa."

Ba ta karɓe shi nan take ba. Sai da ta tashi ta je ta wanke hannu, ta daɗe a can fiye da yadda wankin yake buƙata. Da ta dawo ta juya mini baya ta buɗe riga. Sista ta ɗauke shi daga jikina ta sa a nata, ni kuma na zagaya da zanen na ƙulle da kaina, ƙulli irin na goyo, sai dai a baya ya tsaya maimakon gaba. Ranar ba mu ƙara magana ba. Amma ba ta sauke shi ba.

Daga nan muka koma karɓa-karɓa. In za ta yi wanka ko salla, ya dawo ƙirjina. Sista ta ci gaba da sa tsinkenta a hamata, kwana biyu ba ta ce komai ba, rana ta uku ta ce kwayis, wato ya yi kyau, ta wuce. Sikeli ya tsaya, sannan ya fara hawa kaɗan-kaɗan. Ya bar kofi ya kama nono da kansa. Ranar da ya fara kamawa a gabana take ba shi, ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ta ba shi.

An yi suna a gida ba mai jego ba jariri, rago dai ya sha wuƙa. Ɗana ya iso kwana biyu bayan suna, rabin hanyar a bayan tarakta, rabi a ƙafa. Sista ta sa shi ya wanke hannu har sau biyu saboda baƙin man da ke farcensa, ta ce ya canza riga, sannan ta ce shi ma ya buɗe ƙirji. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sai na tuna ina da buƙatar shayi a waje. Da na dawo na cire takalma tun daga farkon baranda, na leƙa ta taga, na ga ƙaton nan a kishingiɗe ya ƙame kamar an ɗora masa kwanon ƙwai, yana tsoron numfashi. Na koma benci na shanye shayina a hankali.

Bayan kusan mako uku aka sallame mu, da sharaɗin a ci gaba da ɗaurin a gida kuma a riƙa kawo shi awo. Nan wani aikin ya taso, don duk unguwa na jiran zuwa barka, kuma barka a wurinmu sai an karɓi jariri an juya shi an faɗi wanda ya yi kama da shi. Na ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki, na sa kujerata a wurin. Mai shiga ta wanke hannu, ta gani da ido, ba ɗauka. Mai tari ko mura ta yi barkarta daga tsakar gida. Wanzami ya zo da kayansa, na ba shi haƙuri da gahawa ya koma. Ƙawata ta katanga ta ce ashe mako uku ake yi a zama likita, ita da ta sani da ta kai kanta tuntuni. Na ce ta fara da yanke farcen nan nata mai kama da na shaho. Ta yi fushin kwana ɗaya, washegari ta zo da farce a yanke, ta zauna ta taya ni tsaron ƙofa, ta ma fi ni tsanani.

Da hanya ta bushe uwar yarinyar ta iso daga Hawata. Ta wanke hannu ba musu, ta shiga, sai ta ga 'yarta da ɗan fari a ƙirji tana shafa masa kai, ni kuma ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Matar nan ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta fito da ni waje ta yi ta ba ni haƙuri, wai ba haka ta rene ta ba. Na ce na sani, renon nata ne ma ya kusa fin ƙarfinmu, ni na sa ta. Na ba ta labari tun daga takalmi. Ta share ido da bakin tob, amma ba ta yarda duka ba. Har yau in mun haɗu sai ta ce na lalata mata 'ya, ni kuma in ce ta zo ta ɗauki jikanta ta ji nauyin lalacewar.

Sista ta riga ta gaya mana shi da kansa zai faɗi ranar da ya gama da ƙirji. Haka aka yi. Wata rana da hantsi aka ɗaura shi, ya yi ta shure-shure yana gumi, ya ware murya ya yi kuka irin na mutane, har ƙawata ta jiyo ta katanga ta tambaya ko baƙi muka yi. Da muka kai shi awo aka ce ya isa. Ranar na ɗora ruwa na yi masa wankana na farko, sai dai ruwan mai ɗumi ne kawai, na gwada shi da gwiwar hannu yadda aka nuna mini, kwallin kuma yana cikin jaka har yanzu. Bayan 'yan makonni uwarsa ta sunkuya a tsakar gida ta ce, Inna, ɗora mini shi. Na ɗora mata shi a baya, ta ɗaure.

Yanzu yana gudu, ba ya barin kajina su huta. In ya gaji sai ya hau cinyar wanda ya samu ya cusa kai cikin wuyan rigarsa, ko baƙo ne. Uwarsa tana kiran sunansa a gabana, a hankali dai. A gaban tata uwar har yanzu wannan yaron take cewa.

Ɗana kuwa ya ji labarin wurin matarsa. Bayan girbin riɗi ya dawo gida, ya zauna bakin murhu yana kallona ina kwashe tuwo, yana ta murmushi shi kaɗai. Can ya ce, "Inna, an ce ashe kin san sunana."

Na ce direba ya tashi ya wanke hannu, tuwo na hucewa.